Baƙin Zane a Bayan Hannun Nimatu

Hajiya Zuweira ta fara ganin zanen ne wata Litinin da asuba, da ta tura ƙofar banɗaki ta tarar da jikarta Nimatu a bakin famfo tana dirzar bayan hannunta da soso. Layi biyu ne baƙaƙe da suka gitta juna, a hannun dama da na hagu, irin na alƙalamin nan mai kauri da ake rubuta adireshi da shi a jikin kwali idan za a aika kaya gida. Yarinyar ta yi wuf ta cusa hannayen cikin kumfa, ta ce, "Kaka, ina kwana," da wata murya a dishe kamar ta mai tallan koko da rana ta yi wa.

Tsohuwar ta amsa, ta ja ƙofa. Ba ta tambaya ba. Ta san idan ka tambayi wanda kake zargi kafin ka tara shaida, sai dai ka ba shi lokacin shirya labari.

Shekarunta saba'in da ɗaya. Ta koyar a firamare a Kumasi shekara ashirin kafin ta biyo ɗanta Mashud zuwa New York, inda ta koma aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A nan wata Baturiya da idonta ya mutu ta ɗora ta a kan littattafan binciken kisan kai: kullum bayan an sha magani, sai Zuweira ta zauna ta karanta mata babi biyu, su yi ta gardama a kan wanda ya aikata. Da matar ta rasu, 'ya'yanta suka rasa yadda za su yi da kwali shida na littattafai, Zuweira ta kwashe su zuwa ɗakinta a hawa na biyar a unguwar Highbridge. Babban abin da ta tsinta a cikinsu shi ne, ɗan sandan da ya fi kowa ɗaga murya shi ke fara kama wanda bai aikata ba.

Ran Laraba da rana, Nimatu na makaranta, Mashud ya ajiye tasinsa ya hawo gida, abin da ba ya yi. Ya zauna a bakin gadon uwarsa bai ko cire hula ba.

"Mma, da idona na gan ta. Na sauke fasinja can gabashin Bronx ran Lahadi ƙarfe uku, sai ga ta ita da Efua, 'yar matar nan Bafanta, mutuniyar ƙasarmu, ta hawa na biyu, sun shige ƙofar gefen wani coci. Ga gicciye nan a saman ƙofa, na dutse. Mu kuma ta ce mana laburare take zuwa."

"Ka bi ta?"

"In shiga coci? Ni? To kin duba hannunta? Gicciye ne, Mma. An ɗan karkata shi ne don kada mu gane. Muryar nan kuma ta waƙar cocinsu ce."

Ya riga ya gama shawara. Ana rufe makaranta, sati uku masu zuwa, za a ce wa Nimatu ta je hutu Kumasi ta ga dangi. Tana sauka yayarsa da ke can za ta karɓe fasfo ta kulle, a sa ta makarantar Islamiyya, sai hankalinta ya dawo. Haka Alhaji Rashidu ya yi da ɗansa, haka gidaje huɗu a masallacinsu suka yi. Sherifa, uwar yarinyar, ta yi kuka ta amince.

Zuweira ta san irin wannan hutun. Ɗan Alhaji Rashidu shekararsa shida da tafiya, ba ya ɗaukar wayar ubansa. Nimatu kuwa shekara ɗaya ta rage mata ta gama sakandare.

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wasu 'yan ƙananan soso guda biyu, masu launin ruwan lemo, kamar kan ɗan yatsa.

"Me ye wannan?"

Mashud ya juya su a tafin hannu. "Abin toshe kunne ne. Masu fasa titi ke sa shi. A ina kika samu?"

"A aljihun wandonta, ranar wanki. To faɗa mini, malam mai bincike, wanda ya tafi jin wa'azin fasto, me zai sa ya toshe kunnensa? Wadda ta bar salla kuma, me zai tashe ta da asuba tana neman ɗaye fatar hannunta don ruwan alwala ya taɓa?"

"Yaran yanzu sun iya yaudara."

"Sun iya. Iyayensu ma sun iya saurin hukunci. Ba ni Lahadi ɗaya."

Ya ba ta, yana gunaguni, bisa sharaɗin kada ta tsegunta wa yarinyar maganar tafiya.

Ba wai hankalinta a kwance yake ba. Abin da ba ta gaya wa ɗanta ba ya fi damunta. Ta ga tabon rauni a ƙwaurin Nimatu, ya yi shuɗi. Ta ga fararen takalmanta da sawun wasu takalman a samansu, kamar an tattaka ta. Coci ba ya tattaka mutum. A littattafanta, inda duk ka ga alama a jiki, da rauni, da ƙarya, to akwai ƙungiya, akwai kuma wani babba da ke cin moriyar yara. Ta gwammace ma a ce cocin ne, ko da yake ba ta yarda ta faɗi haka ko a zuci sau biyu ba.

Da Mashud ya koma aiki, ta shiga ɗakinsa ta buɗe durowar da yake ajiye takardu, ta zare fasfon Nimatu. Ta tura shi cikin wani littafi mai kauri, ta mayar cikin 'yan uwansa. Idan bincike ya nuna yarinyar na cikin haɗari, da hannunta za ta miƙa shi. Kafin nan, shaida ba ta zama a hannun mai ƙara.

Ran Lahadi ƙarfe biyu Nimatu ta ɗaura baƙin ɗankwali, ta saɓa jaka, ta ce ta tafi laburare. Zuweira ta ba ta minti biyu, ta yafa mayafi, ta jawo keken cefanenta. Lif ɗin gidan ya lalace kamar kullum, ta sauko hawa biyar tana jan keken tana faɗin abin da ta saba faɗa wa mai gidan hayar a kowane bene: "Allah ya isa."

Ba ta buƙatar ɓad da kama. Ta daɗe da gane cewa a garin nan tsohuwa baƙa mai keken cefane ta fi fatalwa ɓoyuwa. Nimatu da Efua sun shiga bas suka wuce can baya, kawunansu a cikin waya, Efua na rungume da wata doguwar baƙar jaka. Ita kuma ta zauna a kujerar tsofaffi bayan direba, ta ja mayafi. Jakar nan ta tsaya mata a rai. Tsawonta ya kai na bindiga, ta kuma karanta littafi ba ɗaya ba inda aka ɗauki bindiga a jakar kayan kiɗa. Da suka sauya bas, ta sauya.

Cocin yana nan yadda Mashud ya faɗa, da gicciyensa. Sai dai shi daga cikin mota ya kalla. Babbar ƙofar an ɗaure ta da sarƙa, sarƙar ta yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a matakala. Allon da ake rubuta lokutan ibada babu ko harafi ɗaya. Wannan gida ya yi shekara da shekaru rabonsa da fasto. Ƙofar gefe ce kawai a buɗe, mai gangarawa ɗakin ƙasa, samari da 'yan mata sun yi layi, wasu gashi kore, wasu kai a aske rabi, riguna baƙaƙe duk a yage, an kama su da fil.

A bakin ƙofar wani ƙaton Bature ke zaune a kan kujera, zobe a hanci, hannayensa duk zane har wuya, ya riƙe baƙin alƙalami. Zuweira ta ce a ranta, ga babban nan. Ta tsaya jikin wata mota tana yi kamar tana gyara ƙafar kekenta, tana ƙirga.

Kowa ya zo sai ya nuna kati. Wani a zana masa hannu biyu, wani a ce ya wuce ba zane. Ta fara zaton mata ake zana wa, sai ga wata mai furfura a goshi ta wuce salin alin. Ta yi zaton baƙaƙe ne, sai ga wani jan yaro mai ƙuraje ya miƙa hannu an zana. Sai da mutum goma sha biyu suka wuce ta kama zaren: masu ƙananan shekaru ake yi wa. Me ake ware yara a yi da su?

Da layin ya ƙare ta tura kekenta gaban ƙaton. Ya ɗago ya dube ta, ya miƙe tsaye, ya tambaye ta da Turanci ko ɓata hanya ta yi.

"Nan nake nufi," in ji ta, da Turancin malaman Kumasi, kowane harafi a wurinsa. "Me ake yi a ciki?"

"Kiɗa, kaka. Pank. Akwai ƙara sosai fa." Ya ɗebo soso biyu masu launin ruwan lemo daga wani kwano ya miƙa mata, ya kuma ɗauki keken da hannu ɗaya ya sauko mata da shi. Ta bi shi tana lura. A littattafai, wanda ya fi kowa ladabi shi ake sa wa ido.

Ɗakin bai wuce falon masallacinsu ba, silin a kusa da kai, bututun ruwa a fili, warin gumi da tsohon siminti. Mutane kamar sittin. A wani lungu wata mata na sayar da giyar gwangwani da ruwan gora a kan tebur. Zuweira ta samu kujera kusa da ita ta zauna, don ta san inda ake sayar da abin sha nan gaskiyar wuri take fitowa. Ba a jima ba jan yaron nan mai ƙuraje ya zo ya nuna gwangwani, hannunsa a cikin hannun riga. Matar ta ce ya fito da hannu. Ya fito. Ta nuna zanen da ɗan yatsa, ta tura masa gorar ruwa, ta kore shi.

Zuweira ta ci gaba da sa ido. Sau uku ta ga an yi haka kafin ta yarda. Ashe zanen da ya hana Mashud barci alama ce ta wanda aka haramta wa giya.

Ba ta samu damar jin sanyi a ranta ba, domin a lokacin aka buga ganga. Ba ta taɓa jin irin wannan ƙara ba, ko ranar da injin niƙa ya fashe a bayan gidansu a unguwar zango ta Kumasi. Ta cusa sosunan a kunne, duk da haka tana jin kiɗan a haƙoranta. A kan wani ɗan dandamali na katako Efua ta buɗe doguwar jakar nan, ta fito da gita. Kusa da ita kuma, riƙe da makirufo da hannu biyu, ga Nimatu. Yarinyar da sai an ce ta ɗaga murya idan tana gaida baƙi, ga ta nan ta tanƙware tana ihu jijiyoyin wuyanta a waje.

Tsakiyar ɗakin ya hargitse. Yara suna ture juna, suna karo da kafaɗa, suna zagaye kamar awaki da aka saki daga turke. Ga inda takalma ke samun sawu. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta faɗi ƙasa, Zuweira ta miƙe tsaye don ta tabbata yanzu za a tattake ta, sai ta ga hannuwa biyar sun sunkuya sun ɗaga ta cak, wani ya miƙo mata tabaronta, ta koma cikin turmutsutsun tana dariya. Tsohuwar ta koma ta zauna. Hauka ne, ba shakka, amma hauka mai doka.

Ta ɗan zare soso ɗaya don ta ji me ake faɗa. Da ƙyar ta tsinto kalmomin: hawa biyar, lif a mace, tsohuwa na jan keke, mai gidan haya na can Florida yana shan iska. Daga nan Nimatu ta miƙa makirufo ga jama'a, sai mutum sittin, masu koren gashi da masu zobe a hanci, suka haɗa baki suka kwatsa: "Allah ya isa! Allah ya isa!"

Zuweira ta rasa abin da za ta ji. An sace mata magana daga bakin bene an kawo ta ɗakin da ake sayar da giya. Amma kuma shekara uku tana faɗinta ita kaɗai, yau ga mutum sittin sun taya ta.

A waƙa ta huɗu idon Nimatu ya faɗo a kanta. Yarinyar ta rasa baiti ɗaya, ta kama na gaba da ƙyar. Suna gamawa ta ratso mutane ta zo.

"Kaka! How... wa ya kawo ki?"

"Bas biyu. Wannan ne laburaren? Ina littattafan?"

Suka fita ta baya, wani ɗan tsakar gida mai kwandunan shara. Nimatu ta fara bayani rabi Turanci rabi Hausa, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Ni ke tambaya. Tun yaushe?"

"Tun sanyi."

"Wa ke biyanku? Wa ke mayar da ku gida? Ƙaton nan me ye naki da shi?"

"Ba wanda ke biyanmu, Kaka. Bas muke hawa. Shi kuma malamin jinya ne, matarsa ce ke sayar da ruwa."

"Da giya. Kada ki rage mini lissafin abin da na gani. La'asar fa, a ina kike yin ta?"

Nimatu ta nuna ƙarƙashin wani bene na ƙarfe, inda aka jingina wani kwali da aka baje. Zuweira ta je ta duba. Akwai gurbin gwiwa biyu a jikinsa, da duhun goshi. Ba kwalin da aka ajiye yau ba ne. Ta kalli rana, ta kalli inda kwalin ke fuskanta, ta ɗan karkata shi da ƙafa.

"Kin yi wata shida kina salla kina kallon Kanada."

Yarinyar ta yi dariya, hawaye na zuba. Suka yi la'asar a nan, ɗaya bayan ɗaya, bangon na girgiza da kiɗan waɗanda suka hau bayansu.

Da suka idar, Zuweira ta saɓa alkawarin da ta yi wa ɗanta, tana sane. Ta gaya mata maganar hutun Kumasi, da yadda za a karɓe fasfonta a kulle. Nimatu ta zauna a kan kwalin.

"To ki gaya masa ba coci ba ne!"

"Ke a ganinki in na ce masa ba coci ba ne, ihu take yi a gaban maza a ɗakin giya, sai ya yi hamdala ya yaga tikiti? Ƙaryar da kika yi masa kuma tana nan, ba ni zan goge miki ita ba. Tashi."

A bakin ƙofa ta tsaya gaban ƙaton ta miƙa masa bayan hannayenta biyu. Ya ce ai ita ta wuce shekarun.

"Na wuce shekarun, ban wuce dokar ba. Ni ma ba a ba ni giya. Zana."

Ya zana, a hankali, kamar mai tsoron fatar za ta yage.

Sun tarar da Mashud a falo kafin magariba, durowarsa a zazzage a kan kujera, takardu ko'ina. Bai dubi 'yarsa ba.

"Mma, ina fasfon?"

Zuweira ta zauna tana haki daga benen, ta ɗora hannayenta biyu a kan tebur, bayansu a sama. Mashud ya kalla, ya sake kallo, ya ce innalillahi.

"Ga shi ni ma sun shigar da ni," in ji ta. "In wannan zane ke kai mutum Kumasi, to tikiti biyu za ka yanka. Sai ka shirya abin da za ka faɗa wa zango in sun tambaye ka me uwarka ta yi aka dawo da ita."

Ta sa Nimatu ta tsaya ta faɗi komai da bakinta, da Hausa, ba Turanci ko ɗaya, har da ƙaryar laburare, har da teburin giya. Yarinyar ta yi ta tuntuɓe da kalmomi, ba wanda ya taimake ta. Sannan tsohuwar ta ƙara da abin da ta gani: sarƙa mai tsatsa, gorar ruwa, kwali mai gurbin gwiwa.

"Kiɗa a cikin maza," in ji Mashud. "Kina so in ce na ji daɗi?"

"Ni ma ban ji daɗi ba. Ba kiɗa ba ne, masifa ce. Ƙaton nan ma har yanzu ban gama da shi ba, ladabinsa ya yi yawa. Shi ya sa duk Lahadin da za ta je, ƙafata ƙafarta. Amma ka ce ta bar addini, ba ta bari ba. A kan laifin da ba ta yi ba ka yanke hukunci, hukuncin ya faɗi. In kana da wata ƙara, ka shigar da sabuwa."

"Fasfon, Mma."

"Yana cikin littafi."

Ya leƙa ƙofar ɗakinta. Littattafai ne tun daga ƙasa har taga, sun fi ɗari biyu, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ya daɗe a tsaye.

"Ba na yarda da abin da ban gani ba," ya ce a ƙarshe, yana tattara takardunsa. "Lahadi mai zuwa da ni za a je. Maganar tafiya ta tsaya sai na gani da idona."

"Da idonka ka ga coci," in ji Zuweira. Ta kwance bakin zani ta fito da sosunan nan biyu ta ajiye masa a kan tebur. "Wannan karon ka sauko daga mota. Ka kuma riƙe waɗannan, za ka neme su."